Abin da ke rubuce a bayan tsofaffin agogunanmu na Kafanchan

Yau ina so mu tattauna a kan wani abu da mutane da yawa za su ɗauka wasa ne, wato tsofaffin agogunan da iyayenmu da kakanninmu suka rasu suka bari. Da wuya ka shiga gidan da ya daɗe a garin nan ka rasa guda ɗaya, ko a ƙasan adaka, ko a cikin kwallar tsohuwa, ko a gwangwanin da ake zuba maɓallai da tsofaffin makullai. Ya tsaya da aiki tun tuni, gilashin ya dushe, sarƙar ta tsinke, ba mai ɗaurawa, ba kuma mai iya jefarwa.

Mu mutane ne da ba mu cika ajiye takarda ba. Idan ka tambayi dattijo yaushe aka yi abu kaza, sai ya ce maka shekarar canjin hannu, ko shekarar canjin kuɗi, ko shekarar Udoji, ko kuma lokacin da aka kashe Murtala. Wannan lissafi yana da kyau matuƙar masu shi suna raye, domin za ka iya komawa ka sake tambaya. To amma kullum raguwa suke yi. 'Yan takardun da aka ajiye kuma, irin su rasiɗin haraji, takardar sayen fili, fasfon aikin Hajji da hotunan biki, da yawansu wuta ta cinye a rikice-rikicen da garin nan ya gani a 1987 da 1999 da 2011, kuma wannan asara ba ta bar kowane ɓangare ba. Abin da na lura da shi shi ne, ƙarfe ya fi takarda jure wuta, kuma a jikin ƙarfen agogo akwai rubutun da zai iya gaya maka shekara, wani lokaci har da wata.

Ni dai na fara tara su ne bayan gobarar kasuwa ta watan Afrilun 2011. Muna taya wani ɗan uwa tonon abin da ya saura a shagonsa, sai muka ci karo da agogon mahaifinsa da yake ajiyewa a aljihun tebur. Fuskar ta ƙone ƙurmus, gilashin ya narke, amma da na goge murfin baya da gefen rigata, lambobin suna nan raɗau kamar jiya aka buga su. Daga nan na shiga tambayar masu gyaran agogo da karance-karance a intanet, har na gane yadda ake karanta su. Yanzu ina da guda 23 a hannuna. Kaɗan ne na saya, yawancinsu amana ce ta 'yan uwa da maƙwabta, kowanne da 'yar takardarsa da na rubuta sunan mai shi da abin da aka sani game da shi.

Ba abin mamaki ba ne a samu agogo da yawa a Kafanchan, domin garin jirgin ƙasa ne. Layin dogon da aka faro daga Fatakwal a 1913 ya iso nan a 1927, ya haɗe da Kaduna, kuma a nan reshen Jos ya balle. Daga baya, tsakanin 1958 da 1964, aka ja layi daga Kuru har Maiduguri. Saboda haka duk wanda zai tafi gabas ko arewa maso gabas sai ya bi ta tasharmu. Wannan ne ya jawo kakanninmu daga Kano da Katsina da Zariya da Sakkwato, wasu fatake, wasu mahauta, wasu leburorin reluwe, wasu masu kai kayan abinci ga ma'aikatan kuza, suka tarar da mutanen masarautar Jama'a, wadda fadarta ta dawo Kafanchan a 1933, suka kuma zauna tare da Fantswam da Bajju da mutanen Kagoro da Yarbawa da Ibo.

Kafin jirgi, lokacin Bahaushe shi ne asuba, hantsi, walaha, azahar, la'asar, magariba da lisha, kuma liman yana auna inuwa da tafin ƙafarsa. Ita kanta kalmar agogo daga Yarbanci muka aro ta, inda take nufin ƙararrawa. Amma jirgi bai san hantsi ba. Layin guda ɗaya ne, jirgin da ya taso daga Makurɗi da wanda ya taso daga Kaduna dole su yi kiciɓis a tashar da aka tsara, a mintin da aka tsara, in ba haka ba a yi asarar rayuka. Don haka direba da gadi da shugaban tasha kowa da agogonsa. Mai tuwo da mai tsire da mai ɗaukar kaya su ma sai suka koyi ƙarfe nawa, tunda abincinsu yana rataye da isowar jirgi.

Agogunan da nake samu a gidajenmu sun kasu kusan kashi 3. Kashi na farko su ne na zamanin Turawa zuwa farkon 'yancin kai, wato agogon aljihu mai sarƙa da ƙananan agogunan hannu da ake murɗa wa kai kowace safiya, mafi yawansu ƙirar Suwizalan, irin su West End da Oris da Roamer. Shi West End, musamman samfurin da aka rubuta wa Sowar a fuska, kamfanin ya fi cin kasuwarsa a Indiya da ƙasashen Larabawa, shi ya sa ake yawan ganinsa a gidajen tsofaffin alhazai. Kashi na biyu su ne na zamanin kuɗin mai, lokacin da ƙarin albashin Udoji ya shigo hannun ma'aikata a farkon 1975, kujerar Makka ta yi sauƙi, har alhazan Nijeriya suka haura 100,000 a 1977. Wannan shi ne zamanin Seiko 5 da Citizen da Orient, sai kuma Rado ga wanda Allah Ya hore wa. Kashi na uku su ne masu batir, waɗanda suka cika kasuwa a shekarun 1980, har zuwa ɗan baƙin Casio F-91W da ya fito a 1989, wanda kusan kowane ɗan sakandare ya ɗaura. Daga 2001 da wayar salula ta shigo, sai agogo ya fara komawa ado kawai.

To yaya ake gane shekarun agogo? Bari mu fara da Seiko, tunda shi ya fi yawa a wurinmu, kuma shi ya fi sauƙin karantawa. Juya bayansa. Za ka ga jerin lambobi iri biyu. Akwai guda 6 a jere, waɗanda su ne lambar wannan agogon shi kaɗai. Ta farko a cikinsu ita ce lambar ƙarshe ta shekarar da aka ƙera shi, ta biyu kuma wata ce: 1 zuwa 9 su ne Janairu zuwa Satumba, harafin O mai kama da sifiri Oktoba, N Nuwamba, D kuma Disamba. Alal misali, idan ya fara da 4N, an yi shi a watan Nuwamba na shekarar da ta ƙare da 4. Saura a san ko 1974 ce, ko 1984, ko 1994.

A nan ne jeri na biyu yake shigowa, wato lambobi 4, sai ɗan layi, sai wasu 4. Huɗun farko sunan injin da ke ciki ne, kuma kowane inji yana da zamaninsa. Injin 6309 an yi shi daga 1976 zuwa 1988. Injin 7S26 kuwa sai a 1996 ya fito. Shi kansa Seiko 5 a 1963 aka fara shi. Saboda haka idan wani ya nuna maka agogo mai 7S26 ya ce kakansa ya zo da shi daga Makka zamanin Gowon, ba sai ka yi masa gardama ba, ƙarfen da kansa ya ba da amsa. Idan kuma ka ja kan agogon ka juya ranakun mako ka ga suna fitowa da Turanci da Larabci, to don kasuwar ƙasashen Larabawa aka yi shi.

Sauran agoguna ba su da wannan sauƙi, amma suna da alamomin da ke rage tazara. Idan an rubuta Water Proof a baya, to ya girmi wanda aka rubuta wa Water Resistant, domin wajen 1970 zuwa 1971 kamfanoni suka sauya kalmar, bayan hukumar kula da ciniki ta Amurka ta tsananta a kan amfani da ta farkon. Idan ka ga Quartz a fuska, bai riga ƙarshen 1969 ba, tunda a ranar 25 ga Disamba ta shekarar Seiko ya fito da agogon hannu na farko irin wannan, kuma sai da aka ɗauki shekaru kafin ya yi arahar da talaka zai saya. Idan an rubuta West Germany, an yi shi kafin haɗewar Jamus a 1990. Idan USSR ne ko CCCP, irin su Raketa da Poljot da ɗalibanmu suka riƙa dawowa da su daga Rasha, to bai wuce 1991 ba. A can ƙasan fuskar agogon Suwizalan, idan ka ga harafin T a gefen Swiss Made, alama ce ta sinadarin da ke sa shi haske da dare, wanda aka yi amfani da shi daga shekarun 1960 zuwa ƙarshen shekarun 1990. Haka nan duk wani kayan reluwe da aka buga wa N.R.C., ko fitila ce ko maɓalli ko agogo, bai riga 1955 ba, domin a shekarar aka kafa hukumar da wannan suna. Sannan kada a manta da tambayar da ta fi kowace sauƙi: da wane kuɗi aka saya? Idan tsohuwa ta ce fam kaza da sule kaza, to kafin 1 ga Janairun 1973 ne, ranar da naira ta shigo.

Mai karatu zai iya cewa, to in an san shekarar sai me? Bari in ba da misali daga gidanmu. Akwai ƙanwata, 'yar Baffana, wadda ba ta da takardar haihuwa. Abin da kowa ya sani shi ne an haife ta Baffa yana Makka, kuma sau ɗaya ya je a rayuwarsa. Da za ta yi rajistar katin ɗan ƙasa sai gardama ta tashi tsakanin yayyenta. Babban ya dage shekarar Udoji ce, mai bi masa ya ce an yi shekaru da hawan Shagari. Fasfon Baffa yana cikin abin da ya ƙone. Abin da ya rage shi ne agogon da ya dawo da shi, wanda duk gidan ya shaida tsarabar wannan tafiyar ce, Seiko 5 mai ranakun Larabci. Da muka juya shi, injin 6309 ne, lambar kuma ta fara da 93. Wato Maris, a shekarar da ta ƙare da 9, kuma tsakanin 1976 da 1988 shekara ɗaya ce tak ta ƙare da 9. An ƙera shi a Maris 1979. Maganar Udoji ta faɗi ke nan, domin ba a sayen abin da ba a ƙera ba tukuna.

Amma agogon bai ce a 1979 aka saye shi ba, yana iya yin shekara ko biyu a shagon Jidda. Sai na tafi wajen Gwaggo, na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Gwaggo, ko kuna tuna wani abu da ya faru a shekarar da Baffa ya sauke farali?"

Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce, "Kai ɗan nan, ai wannan ba ta mantuwa. Ba shekarar da 'yan bindiga suka shiga Harami ba ce? Mun kwana muna rungume da rediyo, Alhaji bai dawo ba, ga jaririya ko arba'in ba a yi ba. Uwarta har nono sai da ya ɗauke mata don tashin hankali."

Wannan abu ya faru ne a ranar 20 ga Nuwamban 1979, wato 1 ga Muharram 1400, 'yan makonni bayan an sauko daga Arfa, alhazai da yawa ba su kai ga barin ƙasar ba. Maganar Gwaggo da lambar agogo suka haɗu a wuri ɗaya. Ƙanwata ta rubuta 1979 da kwanciyar hankali, kuma yanzu 'ya'yanta sun san shekarun uwarsu. Da agogon kaɗai muka riƙe, da ba mu kai nan ba. Da Gwaggo kaɗai muka tambaya, da ba ta iya faɗin shekarar da lamba ba.

Sai dai akwai buƙatar a yi hattara, domin kama da wane ba ta wane ba ce. Agogo yana faɗin lokacin da aka ƙera shi ne kawai. Wani a gwanjo aka saye shi bayan ya shekara 10 a hannun wani. Wani kuma ya sha zuwa wurin gyara, an canja masa murfin baya da na wani agogon, ko an sa masa wani injin. Shi ya sa yake da kyau mai gyara ya buɗe ya duba ko lambar da ke jikin injin ta yi daidai da ta murfi. Akwai kuma waɗanda ake haɗawa daga tarkacen tsofaffin agoguna, musamman a Indiya, a yi wa fuskar sabon fenti mai ɗaukar ido, a sayar a intanet da sunan tsohon kaya. Agogon da ya shekara 50 amma fuskarsa tana sheƙi kamar sabon kwano, a yi masa kallo na biyu. Jabun Rado da Seiko kuwa tun a wancan zamanin ana sayar wa alhazai da su, har da waɗanda aka sauya wa harafi ɗaya a suna don a ruɗi wanda bai iya boko ba.

Ina kuma so in faɗi wata magana, tunda na san abin da ke zukatan wasunmu. Agogon kaka ba zai samar wa kowa takardar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma ba, kuma ba makamin gardama da maƙwabta ba ne a kan wa ya riga wa zuwa. Amfaninsa na cikin gida ne, yaro ya san kakansa ya yi aiki a nan, ya yi aure a nan, ya tafi Makka daga nan ya dawo nan. Ɗaya daga cikin agogunan da na fi ji da su ma na wani dattijo ne Kirista, tsohon ma'aikacin loko, wanda ya yi shekaru yana sayen nama a wurin mahaifina. Ɗansa ne ya kawo mini in duba masa shekarar, da zai koma Abuja ya ce in riƙe masa. Irinsu ɗaya da na Kawuna, wata 4 ne kawai tsakanin ƙirarsu. Jiniyar jirgi ɗaya ce ta riƙa tashin su biyun da asuba.

Ga wanda ya samu irin wannan agogo a gida, ga 'yan shawarwari. Kada a kai shi a goge da inji don ya yi ƙyalli, domin gugar tana cinye lambobin da muke nema. Kada a yarda a sake wa fuskar fenti. Idan mai batir ne, a cire tsohon batirin, saboda yana zubar da ruwan da ke cin kayan ciki. Idan na murɗawa ne kuma ya daɗe a ajiye, kada a tilasta masa, man cikinsa ya bushe, sai an wanke an sa sabo. Idan kuma tsoho ne sosai, na kafin shekarun 1960, mai lambobin da aka shafa wa wani abu da ya koma ruwan ƙasa, to wataƙila radiyom ne, sinadari mai illa ga jiki ko da ya daina haske. Kada a kankare shi, kada a buɗe shi a ɗaki, kada a ba yara su yi wasa da shi. A duk lokacin da aka canja wani abu a wurin gyara, a karɓo tsohon a ajiye tare da agogon.

Batun kuɗi kuma, gara in faɗi gaskiya. Yawancin Seiko 5 da West End da ke gidajenmu ba za su sa kowa ya yi arziki ba, an ƙera su da yawan gaske. Jefi-jefi akan dace da mai daraja, irin su Omega ko Rolex na asali, shi ya sa bai kamata a miƙa wa 'yan gwangwan ko mai yawo gida-gida yana neman tsofaffin kaya ba tare da an bincika ba. Amma ko mai arahar ne, abin da za a ba ka bai kai kuɗin cefanen kwana biyu ba, abin da ka rabu da shi kuwa ba ya dawowa. Idan agogon yana cikin gadon da ba a raba ba, a sanar da sauran magada, a yi shawara a kan wanda zai riƙe.

Abin da ya fi damuna shi ne masu gyaran. A da idan ka bi hanyar tasha ko bakin kasuwa za ka gan su da ɗan akwatinsu na gilashi da madubin da suke maƙalawa a ido. Yanzu waɗanda suka iya warware injin murɗawa su mayar da shi 'yan kaɗan ne, kuma duk sun manyanta, ido ya fara rauni. Yaran da ke tasowa canjin batir da gyaran waya suka sani. Wani daga cikin dattawan ya ce mini, "Ɗana, shekara 15 ke nan ba wanda ya kawo mini yaro ya ce in koya masa." Duk mai agogon da yake so ya sake jin motsinsa, yanzu ne lokacin kai shi, kuma a biya su haƙƙinsu da kyau ba tare da ja-in-ja ba.

Roƙona ga 'yan uwa shi ne, a wannan makon kowa ya bincika adakar gidansu. Idan an samu, a ɗauki hoton gaba da baya da waya, a tura wa 'yan uwa na Kano da Kaduna da Jos da Legas, don kada shaidar ta zauna a wuri ɗaya. A kwafe lambobin a takarda. Sannan a ɗauki agogon a kai wa wanda ya fi kowa tsufa a gidan, a sa masa a hannu, a zauna a saurara, a rubuta abin da ya faɗa da ranar da ya faɗe shi. Agogon zai iya jiran wata shekara 50 a cikin gwangwani, su tsofaffin ne ba mu da tabbacin za mu same su baɗi.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba garinmu da jiharmu zaman lafiya mai ɗorewa, Ya sa mu gama da duniya lafiya.